Allon Layin Maraɗi

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Bari in fara da abin da na yi, tunda in ban faɗa ba babu mai faɗa.

Na baro Farfaru ina da shekara goma sha bakwai, da takardar aji uku na sakandare da riga biyu. Ba wanda ya kama hannuna. Na yi wankin mota a tashar Magama. Na yi karen mota shekara huɗu, tuƙi kuwa a ƙafar direba na koye shi, da ido, don bai taɓa ce mani zo ka gani ba. Faransancin hanya a bakin shinge na tsince shi. Na sayi mota tawa ta kaina. Na gina ɗaki huɗu da zaure. Na sauke farali. Shekara goma sha tara ke nan allon layin Maraɗi yana hannuna, ni ke cewa wane ya yi lodi, wane ya jira, kuma ba a taɓa zubar da jini a kan layi ba ina tsaye.

Shekaranjiya Asabar a taron ƙungiya, Ɗantala, direban nan mai jar mota da bakinsa ba ya rufuwa, ya miƙe ya ce wai allo yana da ido, yana gane motar maigidansa. Aka yi dariya. Ciyaman Alhaji Uwaisu bai tsawatar ba. Sai ma ya ce surukinsa Shamsu yana da kamfani a Katsina, zai kawo mana manhaja ta riƙa kiran layi, ba son kai ba rigima. Wato allo ya tafi, mai allo ya bi shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce in na'ura ake so ni zan yi ta da hannuna, ba sai an ɗauko wanda bai san Ɗan Issa daga Madarunfa ba. Ciyaman ya ce to, mako huɗu. Ranar ɗaya ga Nuwamba a gwada tawa a gaban kowa. In ba ta yi ba, Shamsu ya karɓa.

Baki shi ke yanka wuya. Amma na riga na faɗa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na sayo kwamfuta ta hannu a Katsina. Mai shagon ya saka mani abin da ake kira Python, ya nuna mani bidiyoyin koyo a waya. Mai koyarwar yana magana kamar ana kora shi. Sai na maido shi baya sau biyar kafin in kama jimla guda.

Na sa ta rubuta sunana a fuskarta. Ta rubuta. To ashe ba wani abu ba ne.

Matata Na'ima ta tsaya a bayana tana kallo, ta ce sun taɓa ɗan abin nan a kwaleji, in ina so. Na ce Malama, ki ji da lissafin 'yan matan makarantarki, wannan aikin tasha ne. Ta ce Allah ya ba da sa'a, Alhaji. Yadda ta faɗe shi ne bai yi mani ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Motoci ashirin da uku duk na shigar, yadda suke a allo. Na ce ta ba ni na ɗaya, ta ba ni na biyu. Na ce na bakwai, ta ba ni na takwas. Ashe daga sifili take fara ƙirga. Wane mai hankali ne ke fara ƙirga daga babu? Rabin yini ya tafi a kan wannan.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau na kai darasin kewaye. Kalmar ita ce while. Ma'anarta, matuƙar abu kaza gaskiya ne, yi ta maimaita aikin. Misalin mai bidiyo kwandon lemo ne: matuƙar kwando bai ƙare ba, ɗauki ɗaya. Na ce wannan ai layinmu ne sak. Na rubuta: matuƙar layi bai ƙare ba, kira na sama, maida shi ƙasa.

Na danna. Sunaye suka fara zubowa. Suka kai ƙarshe suka sake farawa. Suka sake. Har ba a iya karanta su, sai fari-fari yana gudu. Na danna kowane maɓalli, ko a jikinta. Ta yi zafi, fanka na kuka a ciki. Na rufe murfin na buɗe, tana nan tana yi.

Na naɗe ta a ɗankwalin Na'ima na kai wa mai gyaran waya na bakin kasuwa. Na ce mashi an sayar mani da mai taɓin hankali. Ya danna maɓalli biyu ta tsaya cak. Ya ce Alhaji lafiyarta lau, abin da ka ce ta yi take yi. A gaban mutane.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Har yau haka. Na goge na sake sau tara. Aƙalla yanzu na san maɓallan tsayar da ita.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na gane, kuma ni kaɗai na gane, a tsaye gaban allo bayan an sauko daga masallaci.

Ina bin layi da alli sai na zo kan sunan Baba Manu. Shekara biyu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, motarsa na kan duwatsu a ƙofar gidansa. Amma sunansa na nan. Kullum in layi ya zo kansa sai in ce Allah ya ba Baba Manu lafiya, a ce amin, in wuce na gaba. Haka muka gada. A tasharmu ba a goge sunan mutum sai in ya mutu ko ya sayar da mota da bakinsa. Wanda ya yi lodi ya koma ƙasa, wanda aka tsallake ya zauna inda yake. Ba mai fita.

To yaushe layi zai ƙare? Ba ya ƙarewa. Kwandon mai bidiyo yana raguwa, namu ba ya raguwa. Na ce da ita ta tsaya ran da layi ya ƙare, ita kuma baiwar Allah tana ta jiran ranar.

Hanya mai sauƙi ita ce in riƙa cire duk wanda aka wuce, kamar lemo. Na gwada, ta tsaya lafiya. Amma da na duba sai na ga Baba Manu babu shi. Ko a kwamfuta ne ban iya ba. Na maido shi.

Sai na tambayi kaina, ni me ke tsayar da ni in ina bin allo? Ba ƙarewar layi ba ce. In na samu wanda zai yi lodi, shi ke nan, na ajiye alli. Wato abin da zan ce da ita: matuƙar ba a samu ba, ci gaba da dubawa.

Saura yadda ake cewa "ba a samu ba" da yarensu.

Litinin, 20 ga Oktoba

Not. Baƙi uku, sun hana ni cin abinci da daɗi kwana uku.

Wai in fara da cewa samu ƙarya ne. Sannan not ya juya shi ya zama gaskiya. Gaskiyar nan ce ke sa kewaye ya ci gaba. In aka samu direba, samu ya koma gaskiya, not ya maida shi ƙarya, sai a tsaya. Wato ƙarya ke tada mota, gaskiya ke taka birki. Duk lokacin da na ce na riƙe shi sai ya suɓuce. Na sa not, ba ta tsayawa. Na cire, ba ta farawa. Na sa shi a wani wurin, ta kira Baba Manu ya yi lodi.

A ƙarshe ta yi. In faɗi gaskiya, a nan kaɗai, ban san dalilin da ya sa ta yi ba. Canzawa na yi ta yi har ta faɗa daidai, kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo.

Ɗantala ya wuce ni da safe yana cewa Injiniya, ya aiki? Ban kula shi ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Ta sake gudu ba tsayawa. Na gwada ranar da ba motar da ke tasha, sai ta yi ta zagaya allo tana neman wanda babu. Na sa mata ƙirga, in ta duba ashirin da uku ta haƙura. Wannan da kaina na hango shi, ba bidiyo.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Saura takardu. Dokar ƙungiya a rubuce take: mota ba ta lodin Maraɗi sai tana da takardunmu na nan da kuma lesefase, takardar shiga ƙetare, duka da rai. Na zauna na rubuta wanda za a tsallake: not takardunmu and not lesefase. Ba shi da wannan kuma ba shi da wancan. Na karanta shi da Hausa sau uku, ya zauna daram.

Na gwada da mai duka biyu, ta kira shi. Na gwada da wanda ba shi da komai, ta tsallake. Alhamdu lillahi.

Na'ima na yankan alayyahu ta ce kala nawa ka gwada? Na ce mai kyau da marar kyau, akwai na uku ne? Ta buɗe baki, na ce don Allah Malama. Ta ci gaba da yankanta.

Kwana tara ya rage, ni kuwa na gama. Lahadi ranar kasuwa zan kai ta tasha su gani tun kafin ranar.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ban so in rubuta na yau ba.

Na ɗora ta a kan benci ƙarƙashin allo, direbobi suka kewaye ni. Mota uku ta kira daidai. Ta huɗu ta kira Ummaru Riko. Ni da hannuna na shigar cewa lesefasensa ya mutu, amma idona na kan fuskar kwamfuta, kunnena na kan masu cewa kai Alhaji ya iya. Na ce Ummaru, lodi. Ya yi lodi ya tafi.

Kafin azahar sai ga shi ya dawo da fasinja bakwai. Jandarmomi sun juyo shi daga shingen Ɗan Issa, kuma da gaskiyarsu. A cikin motar akwai Hajiya Suwaiba mai atamfa da tsohuwarta, wadda likitan ido ya ba ranar yau a Maraɗi bayan jiran wata biyu. Tsohuwar tana zaune a gaba da hannu a kan sanda. Hajiya ce ta zo har gaban benci. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mani sauƙi. Ta ce, "Alhaji, shekara nawa muna shiga motar da ka nuna ba mu tambaya? Yau ka bar akwati ya nuna mana."

Na tambayi Ummaru don me ya tafi alhali ya san takardarsa. Ya ce ai kullum in haka ta faru kana ce mani iyaka kawai, in sauke su su hau ta ƙetare. Yau ba ka ce ba, na ɗauka an daidaita.

Ciyaman ya kira ni gefe ya ce in maida ita gida sai ranar Asabar. Na ji shi yana waya da Shamsu.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na karanta layin nan ya fi sau hamsin. Ba shi da wannan kuma ba shi da wancan, a tsallake. Ina kuskuren? Ummaru ba shi da lesefase. Na gaya mata. Ta sani. Ta kira shi.

Wajen mai shayi Ɗantala ya samu abin yi. Wai na'urar Alhaji ta fi Alhaji kirki, shi sai ka gaishe shi, ita ko ba gaisuwa. Sai ya matso da kofinsa ya ce, "Injiniya, jandarma ba ya jira sai ka rasa biyu. Guda ta ishe shi." Aka yi dariya, na biya shayina na tashi.

Tun da na dawo maganar ke yawo a kaina. Daga bakin Ɗantala kuma, abin haushi.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ban tambaye ta ba. Wannan a sani. Bayan la'asar ina tsakar gida da kwamfuta, ita tana duba takardun jarrabawa, na yi magana ni kaɗai da ƙarfi, na ce abu ya rasa takarda amma a ce ya wuce. In mutum ya ji ya sa baki, ruwansa.

Ta tashi ta ɗauko kofi huɗu ta jera a tabarma. Na farko ta sa mashi cokali da murfi. Na biyu cokali kawai. Na uku murfi kawai. Na huɗu ba komai. Ta ce cokali takardun nan ne, murfi lesefase. Direbobinka kala huɗu ne, ba biyu ba. Nawa doka ta yarda su wuce? Na ce ɗaya. Nawa za a tsallake? Na ce uku. Ta ce to naka layin nawa yake kamawa?

Na dubi kofunan. Na ƙarshe kaɗai. Ummaru shi ne kofi na biyu, yana da cokalinsa, ya wuce abinsa.

Na ce amma ai doka ta ce wannan da wannan, ni kuma na sa wa kowanne not, me ya rage? Ta ce, "Akasin yana da duka ba shi ne ba shi da ko ɗaya ba, Alhaji. Akasinsa shi ne ya rasa ko da guda." Wai in not ya shiga kan abu biyu, and ɗin da ke tsakani dole ya koma or. Ko kuma in haɗa su biyun cikin alamar baka biyu in sa not guda a waje. Na yi musu kusan rabin awa. Na gwada duka hanyoyin da kofi huɗun, ɗaya bayan ɗaya. Duk sun ba da uku.

Na ce da ma abin da nake shirin gwadawa ke nan. Ta kwashe kofunanta.

Abin da ya tsaya mani a wuya daban ne. Layin da na rubuta ba daga sama ya faɗo ba. Shekara goma sha tara haka nake yi a allo. Wanda ya rasa duka nake tsallakewa. Mai guda ɗaya in dube shi, in na ga yana da iyali ko ya kwana biyu bai yi lodi ba, in ce iyaka kawai. Wa nake ce wa haka, wa ba na ce wa, ni kaɗai na sani. Ban rubuta mata dokar ƙungiya ba, halina na rubuta mata, ita kuma ba ta da idon da za ta ce iyaka kawai.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na koma kan while not samu da kofi biyu. Yanzu na san dalilin da ya sa take tsayawa.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na bi motoci ɗaya-ɗaya na duba takardu da idona, don kada gobe a samu inda za a kama ni. Shida ne masu guda ɗaya. Ta shidan tawa ce.

Lesefasen motata ya mutu kwana tara da suka wuce. Direbana ya ce ya gaya mani ina kan kwamfuta na ce to. Mai yiwuwa. Ba a sabuntawa sai Litinin. Kuma gobe da safe motata ce a saman allo.

Na zauna na dube ta. Ba wanda ya san abin da ke ciki sai ni. Ko in canza ranar, ko in ƙara rabin layi: a tsallake, sai fa in motar lamba kaza ce. Na rubuta don in ga ko zai yi. Ya yi. Tunda na fara wannan wahala shi ne abu na farko da na rubuta ya yi aiki a karo ɗaya.

In ta tsallake ni a gaban Ɗantala, zai ce ga shi, da ma da mushen takarda yake lodi. In ta kira ni, Shamsu na iya cewa a buɗe a gani. Ko kuma ba wanda zai ce komai, in ci gaba da riƙe allo har in tsufa.

An kira magariba. Layin na nan ban goge ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na goge bayan asuba. Ba don tsoron Shamsu ba. Ganin layin ne ba na so, ya ɓata tsarin sauran.

Rumfar ƙungiya ta cika har waje. Ciyaman ya ce bismilla. Na danna. Ta rubuta: an tsallake motar Alhaji Badaruddeen, babu lesefase. Ta kira ta biyu.

 Ɗantala ya ce a sake, wataƙila ba ta gane maigidanta ba. Na sake. Ta sake tsallake ni. Ya ce, "Yau kwana nawa da mutuwarsa?" Na ce goma. Ya ce lodi nawa aka yi a ciki? Na ce biyu, iyaka kawai. Ya ce, "To ni ranar da nawa ya mutu, kwana huɗu na yi a benci." Na ce haka ne. Ban san daga ina kalmar ta fito ba. Shi ma da alama bai shirya mata ba, don sai ya zauna yana gyara hula.

Shamsu ya nemi ya duba. Mutum ne mai natsuwa, ban so hakan ba. Ya gwada ta da kala huɗun, ya gwada ranar da ba mota, ya ce rubutun kamar an zuba kaya a but ba ɗauri, amma ba inda ta yi ƙarya. Ya ce matsalarta tana cikin akwati ɗaya, in ya faɗi a ruwa layi ya tafi. Wannan gaskiya ne, na bar shi ya faɗa.

Aka ɗaga hannu. Sha huɗu da bakwai. Allo na nan hannuna wata uku, da sharaɗin kwamfuta ke kira ba ni ba, Shamsu kuma ya nuna mani yadda za a sa ta a waya. Maganar iyaka kawai za a zauna a kanta, in an yarda a rubuta ta ta zama ta kowa. Ban ga inda hannun Ɗantala ya tsaya ba. Ban duba ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An sabunta lesefase. Likita ya ba tsohuwar Hajiya Suwaiba ranar Alhamis, zan kai su da kaina. Da ma ina da abin yi a Maraɗi.

Shamsu ya turo wani darasi, wai for, ɗan'uwan while. Na bar wayar a kan tabarma kusa da takardun Malama. In ta gani ta gani.

Abin da ya ɓata mani rai yau: na karɓi littafin taro wajen Abbas sakatare, sai na ga ya rubuta, an gwada na'ura kuma ta yi aiki. Shi ke nan. Kamar daga sama ta faɗo. Na ce mashi ya gyara. Ya ce me zan sa? Na ce ka sa Alhaji Badaruddeen Farfaru ne ya yi ta, a mako huɗu. Ya ɗaga fensir ya ce, shi kaɗai? Na ce ka bar layi ɗaya a ƙasa ba komai, zan gaya maka daga baya. Sannan ka sa cewa motarsa ce ta farko da ta tsallake, yana tsaye, bai ce uffan ba.

Ya ce wannan na biyun ba dole ba ne, Alhaji.

Dole ne. A rubuta duka, da cikakken sunana, kuma da biro.